Ɗanyen Ƙwan Safe

A gidana ba a cin ƙwai sai ya dahu ya yi tauri, gwaiduwar ta bushe har tana marmashewa. Jikokina suna yi mini tsiya, wai Kaka tana dafa ƙwai kamar mai dafa wake. Su yi ta yi, bakinsu ne. Ranar da na kama ɗaya daga cikinsu, wani dogon banza mai son ɗaga ƙarfe, yana fasa ɗanye a kofi zai kai baki, ban san lokacin da na doke kofin daga hannunsa ba. Ya yi fushi da ni kwana da kwanaki. Ban ba shi haƙuri ba, kuma ba zan ba shi ba.

Abin ya samo asali ne a Kafanchan, a shekarun bayan yaƙin basasa, lokacin da bakinmu bai gama sabawa da kiran naira ba. Na gama makarantar horon malamai aka turo ni koyarwa a wata firamare a garin, sai na sauka a gidan yayata da mijinta, can bayan layin dogo inda ƙarar jirgi ke girgiza kwanonin da aka jera a kan kantar ɗaki. Mijin hedimasta ne, kowa Malam yake ce masa, har matarsa. Yaya kuwa ɗinki take yi a kan kekenta a baranda, kuma ita ce mai ɗaga waƙa a zumuntar mata. In ta ɗaga murya ranar Lahadi, masu sayar da rake a bakin titi ma sukan yi shiru su saurara. Ni ba a ba ni wannan baiwa ba, ni baki aka ba ni na faɗa, kuma gidan sun san da haka tun kafin in iso.

Ɗa ɗaya suke da shi. Yaya ta daɗe a gidan aure ba haihuwa, ciki ya zo ya zube, ya sake zuwa ya zube, har dangin Malam suka fara maganganu a ƙauye. Sai da kowa ya fid da rai sannan wannan yaro ya zo ya zauna. Lokacin da na iso gidan ya wuce shekara uku kaɗan, mai surutu, mai manyan idanu, komai ya gani sai ya tambayi sunansa da Hausa da yarenmu da Turanci. Ni yake bi har bakin ƙofa da safe yana riƙe mini alli. Gidan nan gaba ɗaya a kansa yake tsaye. In ya yi atishawa Yaya ta bar keke.

A bazarar shekarar ƙyanda ta shiga unguwa ta kwashe yara, shi ma ta kama shi. Ubangiji ya taimaka ya tashi, amma ya tashi a rame, wuya kamar na ɗan tsako, wandonsa yana zamewa daga ƙugu. Daga nan magana ɗaya ce a gidan, safe da yamma: yadda za a yi yaron nan ya mai da jikinsa. Abin da muke nema ke nan, ba wani abu ba.

To, Malam yana da kaji. Ba irin namu na gida masu yawo a bola ba, kajin agirik, jajaye, waɗanda aka kawo masa suna 'yan tsaki a cikin kwali ta jirgin ƙasa. Ya gina musu ɗaki da waya da kwano a bayan gida, ya zuba ɓuntun katako a ƙasa, ya raine su da fitilar kananzir kamar jarirai. A lokacin duk wani ma'aikaci mai ji da kansa yana son a ce yana kiwon zamani, rediyo ma kullum maganar ke nan, kowa ya ciyar da kansa. Malam ya ɗauki abin da zafi. Kafin ya tafi makaranta sai ya leƙa su, in ya dawo kafin ya cire takalmi sai ya leƙa su. Da suka fara ƙwai, manya, masu jan ɓawo, sai ga matan ma'aikatan reluwe da masu shayin tasha suna sallama a ƙofar gida da kwanoninsu.

Da farko abincin kajin a buhu yake zuwa, haɗaɗɗe, shi ma ta jirgi. Sai jirgin ya fara wasa da mutane. Yau a ce taragon kaya ya tsaya a hanya, gobe a ce an sauke buhunan a wata tasha. Kajin agirik kuwa ba su san haƙuri ba, in suka yini da yunwa sai su daina ƙwai su koma tsattsagar juna. Malam ya ce ba zai zauna jirgi ya kashe masa kaji ba, shi zai haɗa abincin da kansa, ai ya san abin da ke ciki.

Ya kuwa haɗa. Dusa daga masu injin niƙa. Tunkuza daga masu ƙuli-ƙuli. Tsakin masara da ake sharowa daga ƙasan siton kaya na tasha, wanda leburori ke ba shi a buhu, da ƙasa da kashin ɓera da komai a ciki. Sai kuma abin da ya fi alfahari da shi, jinin mayanka. Yakan aika a tarar masa jinin shanu a bokiti, a ɗan tafasa, a shanya a kan tsohon kwanon rufi a bayan gida, in ya bushe a daka a zuba. Ya ce shi ne ke sa ƙwai girma. A rani abin yana bushewa. Da damina ta sauka, kuma duk wanda ya zauna a Kafanchan ya san ruwanta ba ya ɗaga ƙafa, jinin nan ba ya bushewa sosai, sai ya yi danƙo, ƙudaje su rufe shi baƙi ƙirin, ƙadangaru su bi ta kai. Warin har ɗakina. Na yi magana, amma maganar wari na yi, ba ta cuta ba, don ban san da wata cuta ba. Malam ya yi dariya ya ce hancina na 'yan birni ne, in je in dubi kajin in gaya masa wadda ba ta da lafiya.

Na je na duba. Lafiyarsu ƙalau, gashinsu na sheƙi, suna ta kuka suna zuba ƙwai. Abin da ya fi ci mini rai har yau ke nan. Da ko ɗaya ta yi sanyi ta sunkuyar da kai, da wani ya tsaya ya yi tunani.

Buhunan abincin a wani ɗan ɗaki ake ajiye su jikin na kajin, ɓeraye sun mai da shi gidansu. Kaji kuma da yawa a ƙasa suke ƙwai, cikin ɓuntun da ya jiƙe da kashinsu. Yaya mace ce mai tsabta har ta wuce misali, ba za ta miƙa wa mutum ƙwai da kashi a jiki ba. Kowace safiya takan zuba su a daro da ruwan sanyi na rijiya, ta bar su su jiƙa, ta wanke ɗaya bayan ɗaya a ruwan nan guda, ta goge da tsumma. Masu kyau ta jera wa masu saye. Waɗanda suka tsage ko suka ɗan fashe a baki, ba wanda zai karɓa, sai ta ware su a wani kwano a kan kanta. Su muke kira na gida.

Sai na faɗi wani abu game da Malam, don kada a ɗauka mugu ne ko sakarai. A ƙauyensu, wajen Fadan Kaje, kamar yadda yake a namu, ba a ba yaro ƙwai. Manya sun ce yaron da ya ɗanɗana ƙwai zai saba da daɗi, ya fara bin akurki, daga nan ya zama ɓarawo. Malam ya sha ba mu labarin yadda aka ɗaure shi a jikin turmi aka yi masa dukan tsiya yana ƙarami saboda ƙwan zabuwa ɗaya da ya tsinta a daji ya gasa. Bai taɓa yafe wannan dukan ba. Da ya yi karatu ya ji cewa ƙwai na gina jikin yaro, sai ya ɗauki abin kamar wa'azi. A makaranta yana faɗa, a coci yana faɗa, cewa duhun kai ne ya hana yaranmu girma. Kuma gaskiyarsa ce. Ranar da ya fara ganin ɗansa da gwaiduwa a baki, na ga hawaye a idon mutumin nan.

Inda aka samu matsala shi ne a garin nan, a lokacin, duk wanda ya taka makaranta ya yarda cewa wuta tana kashe ƙarfin ƙwai. Ɗanye shi ne magani, shi ke ƙara jini. Ma'aikatan reluwe suna kaɗa shi a cikin baƙar giya. 'Yan ƙwallo suna sha kafin wasa. Matan zumunta, har da Yaya, suna haɗiye shi kafin babban taron waƙa, wai yana wanke murya. Mai jego a ba ta, wanda ya tashi daga ciwo a ba shi. Ba wanda ya ƙirƙiro wannan a gidanmu, haka muka tarar, kuma muna ganin mun fi na ƙauye wayewa da shi.

Don haka kowace safiya Yaya takan ɗauko ɗaya daga na gida, ta fasa a wani ƙaramin kofi fari mai shuɗin baki, ta zuba madarar gwangwani da sukari, ta kaɗa da cokali har ya yi kumfa. Yaron ba ya so. Yakan toshe hanci ya ɓuya a bayan zanena. Sai ta zauna ta ɗora shi a cinya ta yi ta yi masa waƙa, yana kurɓa tana yi, in ya shanye ta juya kofin a ka ta nuna masa babu saura, su yi tafi. Har yanzu ina jin ƙarar cokalin nan a jikin kofi.

Cikin tsakiyar damina ciki ya ɗan taɓa mu mu manya. Ni na kwana biyu ina zarya zuwa ban ɗaki, Malam ma haka, muka ce sabuwar masara ce, ya wuce. Sai ya sauka a kan yaron. Zawo, amai, jiki zafi kamar garwashi. Yaya ta je kemis aka ba ta wani farin magani mai kauri da ƙwayoyin zazzaɓi. Ya ɗan lafa, ya dawo. Ɗan naman da ya fara tarawa ya zube cikin 'yan kwanaki. Da Malam ya ga yadda yake ramewa sai ya ce ƙarfi yake bukata, a ƙara masa ƙwan, a riƙa ba shi safe da yamma. Tuwo ba ya shiga, kunu ba ya shiga, abin nan mai sukari ne kawai yake iya haɗiyewa, sai Yaya ta ga kamar shi kaɗai ne ke riƙe da ransa. In ya amayar ta jira ya huta ta kaɗa wani.

Ana cikin haka uwar Malam ta iso daga ƙauye da ƙullin saiwoyinta. Tana shiga ta ga kofin, ta tambaya, aka gaya mata. Tsohuwar nan ta zauna a ƙasa ta ce ai ga shi nan, an taka abin da iyaye suka hana. Malam ya tashi mata da faɗa da yare, ya ce maganar sata ce suka yi, ina ruwan sata da zawo, kuma a gidansa ba za a dawo da duhu ba. Ita ma ba ta bar shi ba. Kada wani ya ce tsohuwar ta san wani abu, ba ta san komai ba. Ita ce ta hana a ba yaron ruwa, wai ruwa ke ƙara gudun cikin, ta tsaya a kan randa kamar soja. Na yi da ita har muryata ta dushe, ina satar ba shi a cokali in ta fita. Gida ya rabu, uwa da ɗa kowa yana so ya ci gardama, kuma saboda gardamar nan Malam ya ƙara riƙe ƙwan, don in ya bari kamar ya ce uwarsa ta yi gaskiya ne. Yaya ba ruwanta da gardamarsu. Ita yaronta kawai take kallo.

Ranar da idanunsa suka faɗa ciki ya daina kuka da hawaye, na ce wa Malam in bai nemo mota ba zan goya yaron in tafi da ƙafa, in ya so ya kore ni daga gidansa. Ya nemo. Muka kai shi asibiti da hantsi, aka ba shi gado, aka yi ta neman jijiya a hannunsa ba a samu ba, sai a ka aka sa masa ƙarin ruwa. Yaya tana tsaye tana riƙe da ƙafarsa.

Washegari da safe na kawo musu abinci daga gida. Yaya ta ce in taho da kofin da madara da ƙwai, na kuwa taho da su, don ni ma a raina magani ne. Tana zaune a bakin gado tana kaɗawa sai ga likita yana zagaye, da wata nas babba a bayansa, 'yar wajen Kwoi, wadda muka sani a coci. Likitan ba ya jin Hausa sosai, nas ce ke juya magana. Ya tsaya ya dubi kofin. Ya tambayi mene ne, aka gaya masa. Ya tambayi tun yaushe ake ba shi, Yaya ta ce tun da ya tashi daga ƙyanda, kuma da ciwon nan ya zo an ƙara. Ta faɗa da ɗan ƙarfin zuciya, irin na uwar da ke nuna ba ta yi sakaci ba. Ya tambayi inda ƙwan ke fitowa, da abin da kajin ke ci, da ko ana wankewa, da ko a fashe suke. Ni na ba da wannan amsa, har jinin mayanka da ɓerayen.

Bai yi faɗa ba. Ya miƙa hannu ya karɓi kofin daga hannun Yaya ya ba nas. Ya ce akwai wata ƙwayar cuta, salmonela, danginsu ɗaya da mai kawo taifot. Tana zama a kashin ɓera da jinin da bai bushe ba, kaza ta ci, ta zauna a cikinta ba tare da kazar ta nuna komai ba, ta fito a kashinta, ta manne a ɓawo, wani lokaci ma tana cikin ƙwan tun kafin kazar ta saka shi. Jiƙa ƙwai a ruwan sanyi yana taimaka mata ta shige ciki, fasasshe kuwa ƙofa ce a buɗe. Babba mai ƙarfi zai yi zawo ya tashi. Yaron da ƙyanda ta riga ta cinye, ƙwayar cutar takan bar hanjinsa ta shiga jini. Ya ce ba zai rantse cewa ita ce ba, don ba su da kayan gwada wannan a nan, amma duk alamunta ne, kuma za su yi iyakar ƙoƙarinsu da allurar da suke da ita.

Yaya ta saurara har nas ta gama. Hannunta yana nan a buɗe yadda kofin ya bar shi. Sai ta ce da nas, a hankali, “Sista, da mene ne ake kashe ta?”

“Wuta kawai, Mama. A dafa.”

“Har yaushe?”

Nas ta rasa yadda za ta kwatanta mata, don ba mai agogo a cikinmu. Ta san Yaya da waƙa, sai ta ce, “In ruwa ya tafasa, ki ɗauki doguwar waƙa ta sujada ki yi ta da dukan baitocinta. In kin gama, ya dahu.”

Da kyakkyawar zuciya ta faɗa, na sani. Amma da na san abin da maganar nan za ta zama a ran yayata, da na toshe mata baki da hannuna.

Yaron ya ƙara 'yan kwanaki. Zawon ya tsaya, muka ɗauka sauƙi ne, har Fasto ya zo ya yi addu'ar godiya. Zazzaɓin ne bai sauka ba. Ya daina gane ni, ya daina tambayar sunan komai. Wata ranar kasuwa da azahar, ana tafka ruwa a kan kwanon asibitin har ba ka jin maganar na kusa da kai, ya tafi. Yaya ce ta fara sani, don hannunta na kan ƙirjinsa. Ba ta yi ihu ba, ta juyo ta ce mini in je in kira Malam daga baranda.

Aka kai shi ƙauye aka binne a bayan gidan kakansa. Akwatin gawar, kafinta ɗaya ya ɗauko shi a hammata.

Na ɗauka, a wautata, cewa ko ba komai mutuwar nan za ta zama gargaɗi. Ina! Zaman gaisuwa bai ƙare ba kowa ya samu nasa bayani. Tsohuwa ta ce an taka al'ada. Dangin Malam suka ce hannun mutum ne, akwai masu baƙin cikin karatunsa, har aka fara nuna wani tsoho da baki. Matan zumunta suka ce nufin Ubangiji ne, shi ya bayar shi ya karɓa. Maganar likita kuwa, sai a taɓe baki a ce su likitoci dole su faɗi wani abu, ƙwai da kowa ke sha, ga wance ta sha ta yi jini, ga wane. Ana cikin makokin ma wata maƙwabciya ta ja ni gefe ta tambaya ko kajin suna yi har yanzu, 'yarta ta tashi daga ƙyanda tana so ta riƙa kaɗa mata. Na gaya mata baƙar maganar da ta sa ta yi shekara ba ta gaishe ni ba. Ta je ta saya a wani gida.

Na kai maganar taron zumunta. Na miƙe na ce don Allah a riƙa dafa wa yara ƙwai, a daina jiƙa shi a ruwa, fasasshe a soya shi nan take ko a zubar. Wata babba a cikinsu ta bar ni na gama, sannan ta ce yarinya, ke da ko aure ba ki yi ba, bari ki haifa tukuna ki koya mana reno. Aka yi dariya kaɗan, aka ɗaga waƙa. Na fita da haushi, na yi kuka a bayan coci inda ake ajiye benci.

Malam ya fi kowa wahalar yarda. Ya je ya kawo wani malamin dabbobi, da fatan a ce masa kajinsa lafiya suke. Mutumin ya shiga ɗakin abinci, ya ɗaga buhu ɓeraye suka watse, ya dubi kwanon jinin, ya ce shi ba shi da abin da zai ƙara a kan maganar likita. Bayan ya tafi Malam ya daɗe tsaye a jikin waya yana kallon kajin suna ci. Ni ina jin haushinsa a lokacin, haushi mai tsanani, har ba na iya cin abinci in yana wurin. Amma da na ga bayansa a tsaye a wurin nan sai tausayi ya kama ni, ban so ba. Mutumin nan so yake ɗansa ya samu abin da aka hana shi.

Bai iya yanka su ba. Ya buɗe ƙofa ya ce duk mai so ya ɗauka, ya gaya musu dalili kuma, bai ɓoye ba. Kafin la'asar babu ko ɗaya. Mutane suna tafe da kaji a hammata suna yi masa godiya, har da masu tambaya ko akwai sauran abincin nan mai sa ƙwai girma. Daga ranar bai sake maganar ƙwai a makaranta ko a coci ba, uwarsa kuma ta koma ƙauye tana ba da labarinsa a matsayin misali, aka ƙara tsananta hana yara a can.

Yaya ba ta sake haihuwa ba. Ba ta kuma sake ɗaga waƙa ba. Tana zuwa sujada, ta zauna a baya, littafin waƙa a rufe a cinyarta. Fasto ya yi magana, mata suka zo har gida suka roƙe ta, ta ce maƙogwaronta ne. Kofin nan ban san inda ya shiga ba, na tambayi nas daga baya ta ce ba ta tuna ba. Sau ɗaya tak Yaya ta taɓa yi mini maganar. Muna tsinke zogale a baranda, ba ta ɗago kai ba ta ce, “Ƙanwata, da na dafa, da yana nan?” Na ce likita ma ya ce ba zai rantse ba. Ta ce, “Ba likita na tambaya ba.” Muka ci gaba da tsinke zogalen.

Na yi aure, na bar garin, na haifi nawa. Malam ya rasu bayan ya yi ritaya. Da tsufa ya kama Yaya, ƙafa ta ƙi, na ɗauko ta ta zauna a wurina. Ba ta da wahala, inda ka ajiye ta nan za ka same ta. Ta fi son zama a kan kujera 'yar tsugune a ƙofar kicin tana kallona ina aiki.

Wata safiya ina dafa wa jikoki ƙwai za su tafi makaranta, sun makara, suna ta kirana daga waje. Ruwa ya daɗe da tafasa, na ga ya isa, na ɗauki tsumma zan sauke tukunya. Sai na ji hannunta a zanena. Na juyo. Idonta na kan tukunyar, leɓunanta suna motsi ba sauti, kanta yana ɗan kaɗawa yadda take yi da can in tana gaban mata ranar Lahadi. Ashe duk safiyar da na ɗora ƙwai abin da take yi ke nan a bayana.

Ta ce, “Bar shi. Saura baiti ɗaya.”

Na mai da tukunyar kan wuta, na tsaya da tsumma a hannu har ta gama.